Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Ganin Yesu a Cikin Fim da Tatsuniya

Tambaya: "Baba, barka da aiki. Ni malamar makarantar Lahadi ce, ajin 'yan shekara 13 zuwa 17 nake koyarwa. Kwanakin baya muna nazarin gicciye sai wani yaro ya ce ai ya ga irin wannan a wani fim, jarumin ya mutu domin mutanensa, daga baya ya tashi. Nan take ajin ya ɗauka, kowa na kawo nasa fim ɗin. Ban taɓa ganin sun saki jiki haka ba. Amma da labarin ya kai kunnen wani dattijon ikkilisiya sai ya kira ni, ya ce kada in ƙara bari a haɗa Ubangiji da wasan kwaikwayon duniya. Shin da gaske akwai bishara a cikin finafinai da tatsuniyoyi, ko mu ne muke cusa ta? In akwai, ya halatta in koyar da ita?"

'Yata, barka kadai, Allah ya ƙara ƙarfi. Tambayarki biyu ce a ƙunshi ɗaya. Ta fari, wannan kamannin da yaran suke gani tsakanin jarumin fim da Yesu, daga ina ya fito? Ta biyu, in ma akwai shi, me malami zai yi da shi a gaban aji? Bari in faɗa miki matsayina tun yanzu don kada in ja ki da nisa. Yaron nan abin gaske ya gani. Dattijon kuma tsoronsa yana da tushe. Aikinki yana tsakaninsu, wato ki bi kamannin tare da yaran har ku iso wurin da ya tsinke, domin a bakin tsinkewar nan darasin yake. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Gardamar ta girme mu

Saɓaninki da dattijo ya girmi sinima da shekaru aru-aru. Wajen shekara ta 200, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, Tertuliyan, wani marubucin ikkilisiyar farko, ya rubuta littafi sukutum yana hana masu bi zuwa gidajen wasan kwaikwayo da filayen da ake haɗa mutane faɗa. Shi ne mai tambayar nan da ta shahara, wai me ya haɗa Atina da Urushalima, wato hikimar Helenawa da bangaskiyar Kirista. Kafin shi an yi Yustin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 165. Shi a ganinsa Allah ya yafa irin gaskiya a cikin dukan al'ummai, saboda haka duk inda masanan Helenawa suka faɗi daidai, ƙwayar Kalman, wato Almasihu, ce ta tsiro a gonarsu. Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya, shi ya kawo misalin da na fi so. Ya ce kamar yadda Isra'ilawa suka karɓi zinariya da azurfa daga hannun Masarawa daren fitarsu (Fitowa 12:35-36), haka mai bi yake da ikon ɗaukar abin kirki daga al'adun da ba su san Almasihu ba. Ni dai kullum ina ce wa ɗalibaina su buɗe gaba kaɗan zuwa sura ta 32. Da zinariyar 'yan kunne Haruna ya zuba ɗan maraƙi. Da zinariya kuma aka dalaye akwatin alkawari. Kin ga dattijonki sura ta 32 yake tunawa, ke kuma ta 12, kuma duka biyun a littafi ɗaya suke.

Littafi Mai Tsarki kansa bai guji ƙagaggen labari ba. Yotam ya hau dutse ya ba mutanen Shekem tatsuniyar itatuwa masu neman sarki (Mahukunta 9). Da Dawuda ya ƙwace matar Uriya ya sa aka kashe mijin, annabi Natan bai shiga fada da tsawa ba. Labari ya kawo, na wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, tana ci a akushinsa, tana kwana a ƙirjinsa, sai maƙwabcinsa mai garke ya yi baƙo ya kama ta ya yanka. Dawuda ya fusata, ya yanke wa mutumin hukunci. Sai da ya gama Natan ya ce masa kai ne mutumin (2 Sama'ila 12). Ki riƙe wannan, zan dawo kansa: labarin bai nuna wa Dawuda cewa shi ne jarumi ba, ya nuna masa shi ne azzalumin.

Sai Bulus a Atina. Ayyukan Manzanni 17 ta ce ransa ya ɓaci da ya ga birnin cike da gumaka. Duk da haka da ya tsaya a Tudun Arasa, da bagadensu ya fara, wanda aka rubuta wa "Allahn da ba a sani ba", ya kuma ɗauko baitin wani mawaƙinsu mai cewa mu ma zuriyarsa ne. Baitin na Aratus ne, mutumin Kilikiya, lardinsu ɗaya da Bulus, kuma asalin waƙar yabon gunkin nan Zafsa ce. Bulus ya sani sarai. Ya ari baitin, amma bai tsaya a nan yana tafa wa mawaƙin ba. Ya wuce zuwa tuba, da ranar shari'a, da tashin Yesu daga matattu. A daidai nan ne wasu suka yi masa ba'a suka watse, kaɗan kuma, irin su Diyonisiyas da Damaris, suka ba da gaskiya.

Daga ina kamannin yake fitowa?

Ba duka tushensu ɗaya ba, kuma malami yana bukatar ya bambance.

Wani kamannin da gangan aka dasa shi. C. S. Lewis, malamin jami'ar Oxford a Ingila, ya daɗe yana ganin labarin gicciye kamar tatsuniyoyin arna ne na allolin da ke mutuwa su tashi. A watan Satumba na 1931 ya raba dare yana hira da abokansa biyu, ɗayansu marubucin nan Tolkien, suka nuna masa cewa labarin Almasihu yana taɓa zuciya kamar waɗancan, bambancin kawai shi ya faru da gaske, a wuri sananne, a zamanin gwamna sananne. Bayan ya ba da gaskiya ya rubuta labaran Narnia domin yara, na farkon ya fito a 1950. A ciki zaki Aslan ya miƙa kansa aka yanka shi a kan teburin dutse a madadin wani yaro da ya ci amanar 'yan'uwansa, sa'an nan ya tashi. Wanda ya ce ya ga Yesu a nan bai cusa komai ba, marubucin ne ya ajiye shi. Haka finafinan bishara da 'yan'uwanmu na kudu suke yi. Waɗannan ba su da wuyar sha'ani.

Mafi yawan abin da yaranki suke kallo kuwa daga wata hanya ya biyo. A 1949 wani Ba'amurke, Joseph Campbell, ya tattara tatsuniyoyin al'ummai da dama ya ce duk ƙashin bayansu ɗaya ne: ana kiran jarumi, ya ƙi, ya amsa, ya sami dattijo mai ba shi shawara, ya shiga ramin mutuwa ko abin da ya yi kama da ita, ya fito da wata baiwa domin mutanensa. Wanda ya ƙirƙiri finafinan Star Wars ya faɗa da bakinsa cewa ya amfana da wannan tsari, daga baya kuma ya zama kamar ma'aunin tela a hannun marubutan Hollywood. Saboda haka in kin ga jarumi ya faɗi kowa ya fid da rai, sa'an nan ya miƙe ana saura minti goma fim ya ƙare, sau da yawa awon telan ne kike gani. Akwai kuma kasuwa. Superman wasu samari Yahudawa biyu ne suka ƙago shi, ya fara fitowa a 1938, kuma jaririn da iyayensa suka sa a ɗan jirgi don ya tsira daga hallaka ya fi kama da Musa. Amma da aka sake fim ɗinsa a 2013, sai aka ba shi shekara 33, aka sa shi yana shimfiɗa hannuwa kamar a kan gicciye, har masu tallar fim ɗin suka rarraba wa fastocin Amurka takardun wa'azi a kansa. Sun san masu zuwa coci suna da kuɗin tikiti. A ƙarshen fim ɗin kuwa jarumin karya wuyan abokin gābarsa ya yi.

Bayan an cire duk wannan, akwai sauran abin da ba talla ba ne. Me ya sa tun farko labarin wanda ya ba da ransa domin wasu yake sa Bahaushe da Ba'indiye da Bature hawaye iri ɗaya? Mai Hadishi 3:11 ta ce Allah ya sa tunanin dawwama a zuciyar ɗan adam, Romawa 2:15 kuma ta ce aikin shari'a a rubuce yake a zukatan al'ummai. Ni na gaskata ƙishin na gaske ne, Allah ne ya sa shi. Marubucin da bai taɓa shiga majami'a ba yana iya zana ƙishin nan daidai, domin shi ma yana ji. Abin da ba zai iya ba shi ne ya nuna rijiyar.

Abin da ya faru a wani taron matasa

Shekarun baya a wani taron matasa na kwana uku, daren Asabar muka rataya farin zanen gado a bangon aji, aka kai janareta bayan gini saboda ƙara, aka sa wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da yaran suka zaɓa. Kusan ƙarshe bos ya ɗaga bindiga zai harbi aminin jarumi, jarumin ya shiga tsakani da hannuwa a buɗe, harsashi ya same shi a ƙirji, ya faɗi cikin ruwan sama. 'Yan mata na share hawaye da bakin ɗankwali. Uwarsa ta kwarma ihu ta kira sunansa, sai yatsunsa suka motsa. Filin ya kaure da sowa. Ya tashi ya bi bos da yaransa ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko mai ba da labari ba. Wani yaro da ke zaune kusa da ni a kan benci ya dafa gwiwata ya ce, "Baba, ai wannan Yesu ne sak!"

Ban ce masa a'a ba. Da aka kashe janareta aka kunna fitila, na tambaye su domin wa jarumin ya mutu. Suka ce domin amininsa. Na ce madalla, Yesu ma ya ce ba ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa domin aminansa (Yahaya 15:13), wannan kun gani daidai. To da ya tashi, me ya fara yi? Suka ce ya gama da bos. Na ce da Yesu ya tashi fa, wa ya nema? Aka yi shiru, ba ka jin komai sai kukan gyare. Can wata yarinya daga baya ta ce, "Bitrus." Mutumin da ya yi musun saninsa sau uku. Kuma da ya same shi a bakin teku, garwashi ya hura, ya gasa kifi, ya ce su zo su karya kumallo (Yahaya 21). Muka buɗe Romawa 5, inda Bulus ya ce da ƙyar wani zai mutu domin adali, amma Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, har aya ta 10 ta kira mu maƙiya. Sa'an nan na yi musu tambayar Natan: a cikin fim ɗin nan, kai wane ne? Samarin duk suka ce jarumi. Biyu ko uku suka ce aminin. Ba wanda ya ce shi ɗaya ne daga cikin yaran bos. Na ce to bishara a can ta same mu, kuma jarumin namu da yake kan gicciye roƙon gafara ya yi wa masu buga ƙusa (Luka 23:34).

Da na tsaya a "ai wannan Yesu ne sak", da yaran sun koma gida da wani Yesu mai ramuwar gayya. A garuruwan da muka sha ganin rikici da ƙone-ƙone, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, kuma ina zaton irin abin da dattijonki yake hangowa ke nan ko da bai faɗe shi haka ba.

Ni ma na taɓa yin ɓarna ta wannan hanya, gara in faɗa miki. Ina sabon fita makarantar Littafi Mai Tsarki na hau bagade ran Lahadi na kwashe fiye da rabin wa'azi ina ba da labarin wani fim, jama'a na dariya, ina jin na burge. Bayan an tashi wata tsohuwa daga zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa, Littafinta a naɗe cikin ƙyalle, ta ce, "Malam, labarin nan mai daɗi a wace sura yake? In sa jikata ta karanta mini." Na rasa inda zan sa fuskata. Tun ranar na ɗaura wa kaina doka, nassi ne farko, nassi ne ƙarshe, labarin waje kuma ba ya wuce 'yan mintoci.

Tatsuniyoyinmu ma haka ne

Kin ambaci tatsuniya, kuma na ji daɗi, domin ta fi fim kusa da mu. Ɗauki ta ruwan Bagaja yadda kakata ta ba mu. An tura 'yar bora wanki a wani ruwa mai nisa don a wahalar da ita. Duk abin da ta tarar a hanya ta gaishe shi da ladabi, ba ta yi kwaɗayi ba, ba ta yi wa abin mamaki dariya ba, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya da haɗama, ta kwaso wa kanta masifa. Akwai ƙamshin waƙar Maryamu a nan, inda ta ce Allah ya saukar da masu iko ya ɗaukaka ƙasƙantattu (Luka 1:52), kuma ya kamata yara su ji shi. Amma ki lura, 'yar bora ladabinta ne ya saya mata arziki, 'yar mowa kuma ba ta da hanyar dawowa, ƙurunƙus. Ki ajiye wannan kusa da Luka 15. A can marar kunyar ne, wanda ya karɓi gādonsa tun uban na da rai ya lalatar, shi uban ya hango daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume, mai ladabin kuma ya tsaya a waje yana fushi. Tatsuniyar tana koyar da tarbiyya, kuma tarbiyya abu ne mai kyau. Alherin da ba a cancanta ba kuwa, sai a misalin Yesu yaro zai same shi.

Labari kuma yana koya wa mutum wanda zai tafa wa. Mu da muka tashi da Gizo mun san daɗin ganin mai wayo ya yi wa zaki ko kura dabara. A 1962 Don Richardson da matarsa suka je wurin kabilar Sawi a tsibirin Niugini. Mutanen suna girmama wanda ya iya jan mutum da abota har ya saki jiki sa'an nan ya kashe shi, saboda haka da suka ji labarin daren da aka ba da Yesu, Yahuza suka ɗauka gwarzon. Ƙofar ta buɗe ne daga wata al'adarsu dabam: in ƙauyuka biyu za su yi sulhu, uba yakan miƙa jaririnsa ga abokan gāba, kuma muddin yaron na raye ba yaƙi. Da aka ce musu Allah ya ba da nasa Ɗan haka, sai Yahuza ya koma mafi munin mutane a idonsu, tun da ɗan sulhu ya ci wa amana. Al'ada ɗaya ce ta ba da makullin da ya kulle da wanda ya buɗe.

Gargaɗi ɗaya game da finafinan Hausa na Kano. Yawancin masu yin su Musulmi ne, kuma suna nuna haƙuri, da riƙon amana, da alhaki, da tuba, abubuwan da za ki iya tattaunawa da ajinki. Amma kada ki koya wa yara su je su ce wa abokansu wai fim ɗinku Yesu yake wa'azi a ɓoye. Ɗora wa mutum maganar da bai yi ba shaidar zur ce, ko da niyyar mai kyau ce.

Iyakar abin da zan iya ce miki

Ba kowane fim ne ya cancanci wannan wahala ba. Akwai wanda in an tona za a sami ɗan kamanni, amma tsiraici da zubar da jinin da yaro zai haɗiya kafin ya kai wurin sun fi ƙarfin ribar. Ba a shiga kwata don an hango kobo. Filibiyawa 4:8 ita ce rariyar tacewa a nan, kuma duk abin da za ki nuna, ki fara kallonsa ke kaɗai daga farko har ƙarshe. Hanyar nan kuma ba ta tuba da kowa. Daga cikin yaran da suka zauna a taron da na ba ki labari, na tabbata akwai waɗanda faɗan ƙarshen kawai suka riƙe. Sa'an nan ni tsoho ne, abin da yaran yanzu suke kallo a waya, da zanen Japan da wasannin kwamfuta, sun fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Shi ya sa nakan bar su su ba da labarin, ni in riƙe tambayoyin.

Game da dattijo, ba ni da hurumin soke maganarsa daga nan. Shi da fastonku ne za su ba da lissafin garken, kuma Romawa 14 ta hana mu rena wanda lamirinsa ya fi namu tsanani. Kada ki ci gaba a ɓoye. Ki same shi a gida, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Baba, na ji faɗanka. Yaran nan kuwa suna kallon finafinan ko mun yarda ko ba mu yarda ba, ina so in koya musu su gane inda jarumin fim ya kāsa kai Yesu. Ka zo ka zauna ka gani, in bai yi ba in bari." In ya ƙi, ki bari, ki yi aikin da misalan Natan da na Yesu, sun ishe ki shekara. In ya yarda, ran Lahadi ki ajiye masa kujera a bayan aji. Ki kira yaron nan ya ba da labarin fim ɗinsa cikin minti uku, ku buɗe Romawa 5, ki tambaye su domin wa jarumin ya mutu, me ya yi da ya tashi, su kuma su wane ne a cikin labarin. In lokaci ya rage, ki roƙi Baba ya ba su tatsuniyar da kakarsa ta ba shi, ku yi mata tambayoyin nan ita ma.